HAƘƘIN SABON MUSULMI A WUYAN JAMA'A

Ba baƙon abu ba ne a masallatan Birnin Kebbi da na Argungu, musamman bayan sallar Juma'a ko kuwa a wurin tafsirin watan azumi, a ga liman ya miƙe ya sanar da jama'a cewa ga wani bawan Allah ya zo yana neman shiga Musulunci. Nan take sai a biya masa kalmar shahada ya maimaita, masallaci ya ɗauki kabbara, kowa ya matso yana miƙa masa hannu, wani ya ba da riga, wani ya ba da hula, a kuma tara masa ɗan abin da ya sawwaƙa. Lalle wannan abin farin ciki ne ga kowane Musulmi. Amma fa akwai tambayoyin da ba a cika tsayawa a yi ba sa'ad da taro ya watse. Ina wannan mutum zai kwana a daren nan? Wa zai tashe shi da asuba ya nuna masa alwala? Me zai ci bayan wata uku, lokacin da kuɗin da aka tara masa suka ƙare, kuma waɗanda suka rungume shi suka manta da sunansa?

Maganar ta shafi Jihar Kebbi ƙwarai. Tun da aka ƙirƙiro ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991, jihar ta haɗa masarautu huɗu, watau Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. A kudancinta akwai Dakarkari da Dukkawa da Kambari da Fakkawa da Gungawa, kuma a cikinsu ana samun Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya, wani lokaci ma a gida ɗaya, suna ci a akushi ɗaya. Neman aiki da karatu da fatauci suna kawo 'ya'yan waɗannan jama'a zuwa biranen da ke bakin Gulbin Rima, haka kuma suna kawo baƙi daga kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Daga cikinsu ne ake samun masu musulunta. Saboda haka yadda aka riƙe mutum ɗaya a Birnin Kebbi labarinsa zai kai ƙauyensu, kuma da shi danginsa za su auna Musulmi baki ɗaya.

Tarihin Arewa ya riga ya ba da darasi a kan wannan. Daga 1963 zuwa 1965 Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya zaga larduna yana kiran jama'a zuwa Musulunci, kuma dubban mutane sun amsa kiran a manyan tarurruka. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna cikin 1962, kuma tana daga cikin waɗanda aka ɗora wa nauyin tura malamai su zauna da mutanen. Da aka kashe Sardauna ran 15 ga Janairu 1966 sai aikin ya yi rauni. Inda malamai suka zauna suka ci gaba da koyarwa, addini ya kafu, har jikokin waɗancan mutane su ne limamai a yau. Inda kuwa aka raba tufafi aka yi kabbara aka wuce, da dama sun koma inda suka fito. Manoman fadamar Argungu sun fi kowa sanin cewa dashen shinkafa ba ya kamawa sai an bi shi da ruwa.

Akwai kuma darasin da ya girmi wannan. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi, ƙauyukan ƙasar Sakkwato da Gwandu sun cika da mata waɗanda ba su daɗe da shiga addini ba, da yawansu kuwa da bori suka saba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru dominsu. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar mata daga ƙauye zuwa wurin karatu, ta koma musu da abin da aka koya cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci masu sauƙin hadda. Mahaifinta ma, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke tara ɗalibai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Jama'ar da ta gaji waɗannan bayin Allah, ta kuma gaji Malam Abdullahin Gwandu, ba ta da hanzarin barin sabon Musulmi ya yi ta lalube shi kaɗai.

Haƙƙi na farko shi ne a tabbata cewa mutum ya zo ne da son ransa, kuma ya san abin da yake shiga. Aya ta 256 ta Suratul Baƙara ta kore tilastawa a sha'anin addini, sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin bin addinin da ya zaɓa da kuma sauya shi. Baligi mai hankali idan ya zo neman shahada, malamai sun hana a jinkirta masa. Sai dai ba daidai ba ne mai gida ya ɗaure aikin yaronsa da musulunta, ko mai bin bashi ya mai da yafewa tarko, ko saurayi ya ruɗi yarinya da alkawarin auren da bai yi niyyar cikawa ba. Sha'anin ƙananan yara kuwa ya fi kowane tsanani. Ba a manta da ƙurar da ta tashi ba a kan wata yarinya 'yar Jihar Bayelsa da aka ɗauke zuwa Kano cikin 2015 ba da sanin iyayenta ba, har Babbar Kotun Tarayya da ke Yenagoa ta yanke wa wanda ya ɗauke ta hukuncin ɗauri a 2020. Abin da mutum ɗaya ya aikata ya jawo wa Musulmin Arewa duka zargi na shekaru. Duk inda yaro ko yarinya da ba su kai munzili ba suka zo da irin wannan bukata, hanya ita ce a nemi iyaye, a sanar da hukuma, a yi kome a sarari. Ɓoye ɗan wani a gida da sunan taimakon addini ɓarna ce, kuma addinin ne yake kwana a ciki.

Haƙƙi na biyu shi ne rufin asiri. A wannan zamani, kafin mutum ya gama furta shahada an riga an ɗaga wayoyi goma ana ɗaukar hotonsa, kafin la'asar kuwa fuskarsa da sunansa da sunan garinsu sun zaga Facebook da WhatsApp. Galibi ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda. Mai yiwuwa yana so ya fara shaida wa mahaifiyarsa da bakinsa cikin lalama. Mai yiwuwa aikinsa ko makwancinsa yana hannun wanda zai kore shi da zarar ya ji. Lokacin da Abu Zarril Gifari ya musulunta a Makka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya ɓoye al'amarinsa ya koma cikin mutanensa har zuwa lokacin da abubuwa za su daidaita. In har an yi wa sahabi wannan rangwame, to, wane ne ya ba mai waya ikon tallata bawan Allah domin ƙungiyarsa ta yi suna? Ya kamata limamai su hana ɗaukar hoto sai da izinin mai shi, izinin da aka nema a keɓe, ba a gaban dubban idanu inda kunya za ta hana shi ƙi ba. Haka kuma ba kyau a mai da shi abin yi wa maƙwabta Kirista gori, domin gobe a kasuwa ɗaya za a haɗu, kuma shi ne zai koma ya kwana cikin danginsa.

Haƙƙi na uku shi ne karatu, kuma karatun a bi shi daki-daki. Da Manzon Allah ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya tsara masa cewa ya fara da kira zuwa ga tauhidi, in sun karɓa ya sanar da su salloli biyar, in sun karɓa sannan ya kawo maganar zakka. Wannan tsari shi ne asali. Abin takaici, sau da yawa mutumin da bai iya Fatiha ba tukuna ana jan sa cikin gardamar ƙablu da sadalu, wannan yana hana shi bin limamin can, wancan yana gaya masa cewa masallacin nan na 'yan bidi'a ne. Mutum ya baro gidansu yana neman natsuwa, sai ya tarar da 'yan ɗariƙa da 'yan Izala suna jayayya a kansa kamar kayan gado. Ya dace malaman kowane ɓangare su yi yarjejeniya cewa shekarar farko ta sabon Musulmi ta tsarki ce da salla da gajerun surori da kyawawan halaye, irin abin da ke cikin Ahalari da Ishmawi, wanda ba mai saɓani a kan tushensa. A kuma koya masa da harshen da yake ji. Ba kowane Badakkare ko Bakambare ne ya ƙware a Hausa ba, balle Larabci, kuma a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ba za a rasa masana da za su iya shirya ƙananan littattafai cikin waɗannan harsuna ba in an nemi taimakonsu. Sannu ba ta hana zuwa.

Haƙƙi na huɗu, wanda aka fi tauyewa, shi ne a bar shi da zumuncinsa. Akwai masu ganin cewa cikar musuluntar mutum ita ce ya yanke da iyayensa, ya daina cin abincin gidansu, ya ƙi zuwa gaisuwar rashin lafiya ko ta mutuwa. Wannan jahilci ne. Aya ta 15 ta Suratu Luƙman ta hana bin iyaye a kan shirka, amma a cikin ayar nan dai aka yi umarni da kyautata zama da su a duniya. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta alheri da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta tambayi Manzon Allah game da mahaifiyarta da ta ziyarce ta a Madina tana kan addininta na da, ya umarce ta da ta sada zumunci da ita. Haka batun suna yake. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira mutane da sunan ubanninsu, Manzon Allah kuwa ya fi sauya sunan da ke da mummunar ma'ana ne. Bilalu da Suhaibu duk da sunayensu suka zauna. In mutum yana sha'awar sabon suna, madalla, amma shafe sunan mahaifinsa daga takardunsa ba ya cikin sharuɗɗan Musulunci. Uwar da ta ga ɗanta ya ƙara yi mata biyayya bayan ya musulunta ta ji wa'azin da ya fi na lasifika.

Haƙƙi na biyar ya shafi dukiya. Mai musulunta sau da yawa yakan yi asarar da ba a gani daga cikin masallaci. Yana iya rasa gonar gado, domin a shari'a ma ba gado tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ko da yake kyauta da wasiyya suna halatta. Saurayin da ya yi nisa a golmo, watau noman da Badakkare yake yi wa gidan surukai na shekaru kafin a ba shi mata, yana iya wayar gari ba matar ba ladan guminsa. Domin irin wannan ne aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa waɗanda ake lallashin zukatansu cikin kashi takwas na masu cin zakka. Bayan yaƙin Hunaini a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah ya ba irin su Safwanu ɗan Umayya da Abu Sufyan raƙuma 100 kowannensu. Gaskiya ne Sayyidina Umar ya hana wasu shugabannin ƙabilu wannan kaso bayan da Musulunci ya yi ƙarfi, amma malamai da dama sun tafi a kan cewa hukuncin yana nan duk lokacin da bukata ta taso, kuma sabon Musulmin da aka kora daga gida ya shiga sahun matalauta ko ta wace fuska aka duba.

Sai dai kuɗin da aka tara da sunan mutum amana ce. Wajibi ne kowane kwamitin masallaci ya ajiye littafi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da hannun wanda ya karɓa, a kuma karanta wa jama'a lokaci-lokaci. Wanda ya riƙa yawo da hoton sababbin Musulmi ofis-ofis yana karɓar gudummawa, alhali su suna kwana a barandar masallaci, ya ci amanar Allah da ta bayinsa. Kana kuma taimakon da ya fi shi ne wanda zai tsayar da mutum da ƙafafunsa. Da Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa a Madina, Abdurrahman ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ƙasar da Allah Ya ba fadamar shinkafa da ruwan su da kamfanonin casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu ba za ta rasa aron gona guda, ko injin ban-ruwa, ko gurbin koyon ɗinki da walda ba. In kuwa an taimaka, a kame baki; aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

Haƙƙi na shida na mata ne, kuma a nan ne aka fi bukatar tsoron Allah. Mace da ta musulunta ta rabu da danginta ba ta da mai tsaya mata, saboda haka marasa kirki sukan ga sauƙi a wurinta. Wasu sukan yi gaggawar ɗaura mata aure da duk wanda ya fara miƙa hannu, da sadakin da ba za su yarda a ba 'yar cikinsu ba, wai don a rufa mata asiri. Bayan 'yan watanni a sake ta, ba gidan uba ba gidan miji. Shari'a ba ta bar ta haka sakaka ba. Waliccinta yana komawa ga Musulmi daga danginta in akwai, in babu sai alƙali ko shugaba, kuma aikin waliyyi shi ne bincike da kare mata haƙƙi. Yardarta sharaɗi ce, sadaki kuwa nata ne ita kaɗai. In tana da miji tun da, mazhabar Malikiyya ta ce a jira ta gama idda, in ya musulunta a cikinta aurensu yana nan. Ba a tsallake wannan domin wani yana ɗoki. Masaukinta ya kasance a hannun dattijuwa amintacciya, malamarta kuma mace. Ƙungiyar FOMWAN, wadda aka kafa a Minna cikin 1985, ta fi kowa cancantar riƙe wannan aiki, musamman da yake shugabarta ta farko, Hajiya Aisha Lemu, Baturiyar Ingila ce da ta musulunta a 1961. Littattafan addinin da ta rubuta an karantar da 'ya'yan Musulmin gado da su a makarantu shekara da shekaru. Wa ya san abin da Allah Ya ajiye a cikin yarinyar da ake rainawa yau?

Haƙƙi na bakwai shi ne a daina yi masa kallon bare. Kalmar “tubabbe” ta zama tambarin da ake liƙa wa mutum har ya tsufa, a kuma gadar wa 'ya'yansa. Wanda ya yi masa kabbara ran Juma'a shi ne zai hana shi 'yarsa ran Asabar, ya ce ba shi da asali. In ya yi karatu ya ƙware, a yi ta ƙunƙuni in an gabatar da shi limanci. Alhali kuwa sahabbai da suka fi kowa daraja, mafi yawan manyansu shiga Musulunci suka yi da girmansu. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta mai da fifiko ga taƙawa kaɗai. A zamanin Banu Umayya an yi gwamnonin da suka ci gaba da karɓar jiziya daga waɗanda suka musulunta domin kada baitulmali ya ragu, har Halifa Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, ya hana wannan zalunci. Jiziyar wannan zamani ita ce raini da gori, kuma ta fi ta kuɗi ciwo.

Mutanen wannan kwari sun san tsadar auna Musuluncin wani da ma'aunin zargi. Tun daga cin Birnin Kebbi a 1805, da tashin Yakubu Nabame a 1849, har zuwan Turawa, Gwandu da Sakkwato a gefe ɗaya da Kabawa a ɗaya gefen sun sha gwabzawa, ban da ɗan sararin da aka samu a Lafiyar Toga. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, tsohuwar gaba ta zama zumunci, kuma bikin da ake yi a Matan Fada shaida ne a kan haka. Jama'ar da ta iya ɗinke ɓarakar da ta haura shekara ɗari ba za ta kasa buɗe wa baƙo ɗaya ƙofar gida ba.

Saboda haka ya kamata majalisun Mai Martaba Sarkin Gwandu da Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu su tara limaman Juma'a da alƙalai da shugabannin ƙungiyoyin addini, maza da mata, su fito da ƙa'ida guda rubutacciya wadda kowane masallaci zai bi: a rubuta sunan mai musulunta da shekarunsa da shaidunsa a asirce, a ba shi takardar shaida, a haɗa shi da gida guda da malami guda waɗanda za a tambaya game da shi bayan wata uku da bayan shekara. Masu karɓar zakka su ware masa kasonsa, su kuma bayyana yadda aka kashe. Gwamnati kuwa, da yake uwa ce ga Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya, aikinta shi ne ta tsare doka, ta kare duk wanda ake tsangwama saboda abin da ya yi imani da shi, ta kuma hukunta mai tilastawa ko daga wane ɓangare ya fito.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma nauyin farko yana kan mutumin da ke sahu ɗaya da sabon Musulmi. In an idar da salla ya juyo ya tambaye shi inda yake kwana da abin da ya ci, ran Salla ya kira shi gida, in bai gan shi a masallaci kwana biyu ba ya bi sawu. Allah Ya ba jama'a ikon sauke wannan amana, amin.